Kafin ka ɗaukar wa wani saƙo zuwa ƙasar waje, buɗe shi tukuna

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na Legas da Ibadan da Ife da Benin da Fatakwal da sauran wurare. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman wanda ke da niyyar fita waje a hutun nan, ko shi ko wani nasa.

Duk sanda aka gama jarrabawa, ko azumi ya gabato aka fara hada-hadar Umara, zaurukanmu na WhatsApp sai su cika da magana iri ɗaya. "Don Allah wa zai tafi Jidda cikin satin nan? Akwai ɗan saƙo." "Akwai mai zuwa Alƙahira? Ɗan ƙunshi ne za a kai wa ƙanena." Da yake wasunmu suna kusa da filin jirgin Murtala Muhammed, mutanen gida sun mayar da mu kamar tasha. A ɗoro kaya a mota daga Kano ko Sakkwato, a ce ka je Agege ka karɓa, ka miƙa wa wane da zai tashi jibi. Kai da ka karɓa ba ka buɗe ba, shi da zai ɗauka bai buɗe ba, kowa yana jin nauyin a ce bai yarda da ɗan uwansa ba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk saƙon da ba ka buɗe da hannunka ka ga abin da ke ciki ba, kada ka tsallaka iyaka da shi, ko na wane ne. Kuma a ganina babban haɗarin da ke jiran matafiyinmu a waje, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, tun daga gida yake ɗaukarsa: a hannun mai ba da saƙo, a hannun ejan, a wajen awon kaya. Ɓarawon titin Dubai ko na Johannesburg waya zai ƙwace maka. Wannan kuwa rayuwarka gaba ɗaya yake iya tafiya da ita.

Da yawanmu ba mu manta da ɗalibar nan ta Jami'ar Maitama Sule da ke Kano ba. A watan Disamban 2018 ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta. Tana masauki a Madina jami'an Saudiyya suka zo suka tafi da ita, saboda an samu wata jaka ɗauke da sunanta cike da Tramadol. Jakar nan ba tata ba ce, ba ta taɓa ganinta ba. Binciken NDLEA ne ya gano cewa akwai wasu ma'aikata a filin jirgin da ke liƙa wa jakar ƙwaya sitika da sunan fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai da ta yi wajen wata huɗu a tsare, aka yi ta surutu a Facebook da Twitter, ɗalibai suka yi zanga-zanga a Kano, gwamnatin tarayya ta sa baki, kafin aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A farkon wannan watan na Afrilu kuwa Saudiyya ta zartar wa wata 'yar Najeriya hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya. Ku duba yadda abin ya zo kusa.

Wani zai ce ai an kama su, an gama. Ina! A watan Agustan 2025 an sake tsare wasu masu Umara uku a Jidda, su ma daga Kano suka tashi, su ma NDLEA ta ce jakunkunan da aka kama an shigar da su ne da sunayensu ba da saninsu ba. Sai bayan makonni aka sako su. Shekara kusan bakwai tsakani, dabara ɗaya, filin jirgi ɗaya.

To, ga abin da nake so mu lura da shi. Waɗannan bayin Allah sun kuɓuta ne don an iya tabbatar da cewa jakar ba ta taɓa shiga hannunsu ba. Kai da ka karɓi kayan da kanka, ka sa a akwatinka, ka tura a na'ura, me za ka faɗa wa alƙali? Cewa wani bawan Allah ne ya ba ka a bakin masallaci? Akwai wani matashi ɗan Najeriya, ɗan ƙwallo, da aka kama a filin jirgin Changi na Singafo a 2004 yana da shekara 18, da ƙwayoyi guda 100 a jakarsa. Ya ce wani ne ya ba shi ya kai wa marar lafiya, ya ce masa maganin gargajiya ne. Ashe hiroyin ce, sama da giram 700, a ƙasar da giram 15 ya isa a rataye mutum. Har shugaba Obasanjo ya roƙa a yi masa sassauci. A watan Janairun 2007 aka rataye shi. Indonesiya ma ta harbe 'yan Najeriya a 2015 da 2016 a kan ƙwaya. Saudiyya ta ɗan dakatar da kisa a kan laifin ƙwaya, ta dawo da shi a watan Nuwamban 2022, kuma a 2024 kaɗai baƙi sama da 100 aka kashe a can bisa laifuffuka daban-daban, cikinsu har da 'yan Najeriya. A irin waɗannan ƙasashe, abin da aka samu a jakarka naka ne har sai ka kawo hujjar da ta wanke ka, kuma "wallahi ban sani ba" ba hujja ba ce a wurinsu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sallahu al'adarmu ce tun zamanin fatake. Da sallahu ɗalibinmu na Sudan ko na Masar yake samun kuka da daddawa da kilishi da yajin gida. Uwa ce ta zauna ta daka, ta ƙulle, ta aiko, sai ka ce ba za ka ɗauka ba? Gobe kai ma za ka nema. Ni ban ce a daina sallahu ba. Cewa na yi a buɗe. Mai gaskiya ba ya jin haushi don an buɗe kayansa a gabansa, shi ne ma zai ce maka "duba mana, ai gara ka gani." Wanda ya ɓata rai don ka ce za ka buɗe, ko ya ce an riga an naɗe da salatif kada a lalata, ko ya kawo maka kayan ana saura minti ashirin a rufe awo, to ya riga ya ba ka amsa. Sannan shi kansa mai ba ka saƙon yana iya zama bai san me ke ciki ba, don shi ma wani ne ya ba shi. Kana iya yarda da kawunka ɗari bisa ɗari, amma ka san abokin abokin kawunka?

Buɗewar ma a yi ta da kyau. Gwangwanin da aka liƙe, sabulu, man shafawa, takalmi mai kaurin ƙasa, garin da ba ka san na mene ne ba, ƙwayar magani da aka juye daga kwalinta, duk waɗannan kallo da ido ba ya gaya maka komai. In ba za ka iya tantancewa ba, ka ce a ba ka kuɗin ka saya masa irinsa a can, ko a tura ta kamfanin kago da sunan mai kayan. Ita ma jakar kanta abin dubawa ce, don akwai masu ɗinke kaya a cikin shafinta. Juye kayan a taka jakar, ka mayar masa da tasa.

Sai maganar ragowar kilo, wadda mata suka fi faɗawa ciki. Kina kan layi wata dattijuwa mai kamala za ta matso, "'yata, kayana sun yi yawa, naki kuwa ba nauyi, don Allah a haɗa wannan da sunanki." Kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba. 'Yar uwa, daga lokacin da aka buga sitikar nan da sunanki, jakar ta zama taki a idon kowace hukuma a duniya. Ki ce mata, "Hajiya ki yi haƙuri, a gida an hana ni." Ta ji haushi na minti biyar, ya wuce. In tausayinta ya kama ki, ki taimaka mata da kuɗin biyan kilon.

Ga abubuwan da ya kamata kowa ya yi a wajen awo, ba sa cin ko sisi:

1. Ka tsaya da kanka a kanta. Kada ka ba ɗan dako ko wani "mai taimako" fasfonka da tikitinka ya je ya yi maka.
2. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga ƙananan sitikun da aka ba ka. Jaka biyu, sitika biyu. Ka tambayi ma'aikacin jaka nawa aka shigar da sunanka, kilo nawa.
3. Ka ɗauki hoton jakunkunan da sitikarsu a jiki, ka tura wa wani a gida nan take, don a samu shaidar rana da lokaci.
4. In ka sauka aka nuna maka jakar da ba taka ba, ko sunanka ne a jiki, kada ka taɓa ta.
5. In aka tsare ka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba. Ka nemi tafinta, ka nemi a sanar da ofishin jakadancin Najeriya.

Akwai kuma maganin da kai da kanka ka saya don amfaninka. Abin da kake shiga kemis a Sabon Gari ko Mushin ka karɓa ba tambaya, a wata ƙasar laifi ne babba. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku don an same ta da ƙwayar Tramadol kusan 300, duk da ta ce ciwon baya za ta kai wa mutuminta. Baturiya ke nan, da jaridun ƙasarta suna ta kururuwa a kanta. Kai wa zai yi maka? Duk maganin da ke da kodin ko Tramadol, ko na barci, in dole ne ka tafi da shi, ka riƙe takardar likita, ka bar shi a kwalinsa, ka ɗauki daidai na kwanakinka. Goro ma da muke ganin ba komai ba ne, hukumar alhazai ta sha gargaɗin maniyyata a kansa.

Na biyu bayan saƙo shi ne ejan. Mu da ke aji huɗu mun san halin da ake ciki. Kana tunanin bautar ƙasa, kana tunanin bayanta babu aiki, sai ga talla a Telegram ko Facebook: aikin kwamfuta a Tailan, dala dubu a wata, tikiti da masauki kyauta, Turanci kawai ake buƙata. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da wajen 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Yadda ake yi shi ne, ka sauka a Bangkok, mota ta ɗauke ka zuwa bakin iyaka, a haye da kai kogi zuwa yankin Myawaddy, a karɓe fasfonka, a ba ka wayoyi a ce ga adadin da za ka damfaro a wata. In ka kasa, duka da horo, in ka ce za ka tafi, a ce danginka su biya fansa. Waɗanda ake nema kuwa irinmu ne, masu digiri, masu jin Turanci, masu iya danna kwamfuta, kuma cikin dubban da aka kuɓutar a farkon 2025 akwai 'yan Afirka da yawa. Haka a 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda ake ɗaukar 'yan mata daga ƙasashen Afirka da sunan karatu da koyon aiki a yankin Alabuga na Rasha, su je su tarar jirage marasa matuƙa na yaƙin Yukren ake sa su haɗawa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Aikin da za a ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido "a gyara maka takardu a can." Kamfanin da ba shi da adireshi sai lambar WhatsApp. Makarantar da ba ka ga sunanta a jerin waɗanda hukumar ilimin ƙasar ta amince da su ba. Ejan da ke cewa kada ka faɗa wa kowa saboda baki da hassada. Wannan ta ƙarshen ita ta fi cin mutanenmu, don an san muna tsoron baki. Ɓoye tafiyarka ga duniya in ka so, amma dole a samu mutum biyu ko uku masu hankali da suka ga takardun, suka san sunan kamfanin da garin da lambar jirgin. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, 'yan kasuwar cikinmu. Yanzu kusan kowane hostel akwai mai odar kaya daga Chaina, mai kawo abaya daga Dubai ko Masar, mai shiga Kwatano ta Seme. Abin alfahari ne, Allah ya ƙara buɗi. Amma kuɗin makarantar mutane da dama ya narke a hannun wani da ba su taɓa gani ba, wanda ya ce yana Guangzhou zai canza musu naira ya biya mai kaya. In za ka biya, ka bi ta dandalin da ke riƙe kuɗin har kaya su iso, ka fara da kaɗan. In mai kaya ya turo saƙo cewa ya canza lambar asusu, kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura, don ɓarayi kan shiga akwatin imel ɗin kamfani su sauya lambar. In kuma da tsabar kuɗi za ka fita, dokar Najeriya ta ce abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastam. Kuɗin halalinka ne, amma in ka ɓoye aka gano, ka ba su dalilin ƙwacewa. Kuma kada ka riƙe wa kowa ambulan ɗin kuɗi, hukuncinsa ɗaya da na ƙunshi.

Dokar kasuwancin ƙasar da za ka ma abin sani ce. Muna ganin Ghana kamar gida, ga zango ga Hausa ana yi, shiga ba biza. Amma dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai buɗe harkar ciniki sai ya zuba jarin dala miliyan ɗaya. Da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a 2019 da 2020. A Afirka ta Kudu kuwa, a watan Satumban 2019, shagunan baƙi aka bi ana fasawa ana ƙonawa, har Air Peace ta kwaso ɗaruruwan mutanenmu kyauta. Wanda duk jarinsa ke cikin shago ɗaya ya dawo da rigar jikinsa.

Na huɗu, ƙasa tana iya birkicewa a dare ɗaya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, kuma mu 'yan Arewa muna da ɗalibai da yawa a can a lokacin. Mun ga bidiyon ƙannenmu a sahara direbobi sun tsaya sun ce sai an biya su, mun ga waɗanda suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar, sai farkon Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. Shekara guda kafin nan, ɗalibanmu na Yukren sun sha irin wannan a hanyar Poland da Romaniya da garin Sumy. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne. Fasfonka ya zauna a hannunka, kada ka bar wa ejan ko uban gida. Ka ajiye hotonsa da na takardun makarantarka a imel. Ka tanadi 'yan daloli a hannu, don ranar da abu ya faru banki da intanet ne ke fara ɗaukewa. Sannan ka sa sunanka a ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗalibai tun ranar da ka sauka, domin da wannan jerin ake kwashe mutane.

Ban ɗora wa matafiyi laifin duka ba. Abin kunya ne a ce jaka za ta wuce na'ura, ta wuce jami'ai iri-iri, ta shiga jirgi da sunan wanda bai san da ita ba. Haƙƙinmu ne mu matsa wa FAAN da NDLEA da kamfanonin jirage su sa kyamara a kan kowace kantar awo, su sa fasinja ya sa hannu a kan adadin jakunkunansa, kuma mu ji ƙarshen shari'ar waɗanda aka kama. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai namu da ke wannan safara da saninsu, suna fakewa da harami da carbi. Su ne suka ja ake ware mai koren fasfo a gefe ana zazzage masa kaya. Mu da ke zaune a Kudu mun san zafin a yi maka kuɗin goro da laifin wani, to a waje babu Bahaushe babu Bayarabe babu Ibo, duk sunanmu ɗaya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi da na masallatan makaranta: kafin kowane hutu a ware ko awa ɗaya ce a yi wannan bayani, a gayyato wanda ya san harkar. Masu kula da zauruka kuma su kafa doka, duk mai neman a kai masa saƙo ya rubuta abin da ke ciki dalla-dalla, ya yarda a buɗe a gabansa, in bai yarda ba a goge saƙonsa. In doka ce ta kowa, an ɗauke wa ƙaramin ɗalibi nauyin cewa babba a'a.

Ku tura wa iyayenmu mata da ke shirin Umara, su aka fi yi wa wannan cuta saboda kawaicinsu. In akwai wanda ya san wata dabarar da ban ambata ba, ya rubuta a ƙasa kowa ya amfana, amma ban da kama sunan mutane. Allah ya tsare mu da sharrin da ba mu ji ba ba mu gani ba, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya, ya ba mu sa'ar sakamakon jarrabawa. Amin.